Ni ce babba a ɗakinmu, kuma na gaji

Wata 'yar'uwa daga Kaduna ta rubuto:

"Anti, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Shekarata 42, ina koyarwa a makarantar firamare, 'ya'yana huɗu. Ni ce babba a ɗakinmu, mu biyar ne. Shekara biyu ke nan mahaifiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, tana wurina. Ni ke yi mata wanka, ni ke juya ta da dare. Ƙannena maza biyu, ɗaya a Abuja ɗaya a Jos, sukan turo kuɗi in sun ga dama. Ƙanwata tana aure a nan gari, autanmu kuma ni ke biya masa makaranta. Aikin maigidana ya tsaya tun bara. A coci ni ce ma'ajiyar Zumuntar Mata, ina cikin mawaƙa, ina kuma koyar da yara a Makarantar Lahadi. Ƙarfe huɗu nake tashi, ba na kwanciya sai sha biyu. Kwanan baya na daka wa Mama tsawa don ta ɓata zanin gado, na shige banɗaki na yi ta kuka. Wani lokaci nakan ce a raina da ma in kwanta kada in tashi. Na gaya wa wata uwa a coci, ta ce in ƙara addu'a da azumi, Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Anti, bangaskiyata ce ta yi rauni?"

Ƙanwata,

Da gangan na kira ki ƙanwata. Kin daɗe kina amsa sunan Yaya, yau ki zauna a yi miki yayar.

Zan fara da maganar da kika cusa a tsakiyar wasiƙa kamar ba komai ba, wato da ma ki kwanta kada ki tashi. Ban ɗauke ta da wasa ba. Wanda ya shekara biyu yana barcin awa huɗu, irin wannan tunani yakan zo masa, kuma sau da yawa hutu ne ransa ke roƙo. Duk da haka ba a barin sa ya yi ta kwana a zuciya. A makon nan ki faɗa wa mutum ɗaya da kika yarda da shi, da irin kalmomin da kika rubuto min, ba tare da kin sassauta su ba. Sannan ki je asibiti a auna jininki. Hawan jini shi ne kan gaba a abubuwan da ke kawo shanyewar ɓarin jiki, yana kuma bin dangi, ga ki ba barci ba hutu. Ki gaya wa likita batun kukan da wannan tunanin. In ya tura ki asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa, ki je ba kunya. Mutane sun ɗauka sai wanda ya yar da riga ake kaiwa can, alhali suna duba masu ciwon damuwa da rashin barci. Ranar da kuwa tunanin ya tashi daga "da ma" ya koma tunanin hanyar da za ki bi, kada ki kwana ke kaɗai, ki tashi maigidanki a kai ki asibiti a daren.

Yanzu tambayarki. A'a, bangaskiyarki ba ta yi rauni ba. Kaya ne ya fi ƙarfin wuya ɗaya.

Uwar da ta ba ki shawara da kyakkyawar zuciya ta yi, kuma maganar da ta faɗa tana bakin kowa a Arewa. Ayar da mu Kirista muke jingina ta a kai ita ce 1 Korantiyawa 10:13. Ki buɗe ki karanta surar daga farko: Bulus yana magana ne a kan jarabar zunubi, bautar gumaka da fasikanci da gunaguni, yana cewa Allah ba zai bari a jarabce mu fiye da ƙarfinmu ba, zai kuma buɗe mafita. Bai ambaci jinya ko kuɗin makaranta ba. Wannan Bulus ɗin, a wasiƙarsa ta biyu ga mutanen nan, sura 1 aya 8, ya ce wahalar da ta same su a Asiya ta fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba, har suka fid da rai. Manzo ne ke faɗin haka da bakinsa. Sannan ko mun yarda Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa, ai mutane suna ɗorawa. Da na karanta wasiƙarki na yi ta neman wane kaya ne Allah ya ɗora miki, wane ne 'yan'uwa suka sauke a kanki, wane ne kuma ke kika miƙa hannu kika ɗauka.

Akwai wani mutum a Littafi Mai Tsarki da ranarsa ta yi kama da taki. Musa ya riga ya kai shekara 80 sa'ad da ya fito da jama'a daga Masar, maza kawai wajen 600,000, ban da mata da yara. A Fitowa sura 18 surukinsa Yetro ya kawo masa ziyara, ya ga Musa zaune tun safe har yamma yana yanke shari'a, mutane tsaitsaye kewaye da shi. Da ya tambaye shi dalili, amsar Musa ta ibada ce sosai: jama'a suna zuwa wurina ne don su nemi nufin Allah. Wa zai ja da wannan? Yetro ya ja. Ya ce masa abin da kake yi ba shi da kyau, za ka gajiyar da kanka, ka gajiyar da mutanen nan, aikin ya fi ƙarfinka, ba za ka iya shi kai kaɗai ba. Ya ce ya zaɓi amintattu masu tsoron Allah, ya sa su a kan dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin da goma-goma, manyan matsaloli kaɗai su iso gare shi. Ki lura, dattijon nan bai tuhumi bangaskiyar Musa ba, bai kuma aike shi azumi ba. Tsarin aikin ya duba ya ga a karkace yake. Ki kuma lura da cewa ya sa jama'ar a cikin masu cutuwa. Haka yake a gidanki: hannun da bai yi barci ba shi ke juya Mama, bakin da bai huta ba shi ya daka mata tsawa.

Bayan wannan ma Musa ya sake kaiwa bango. A Littafin Ƙidaya sura 11 ya yi wa Allah magana irin wadda ke za ki gane ta fiye da yawancin masu wa'azi. Ya ce, ni na ɗauki cikin mutanen nan? Ni na haife su, da za ka ce in rungume su kamar mai reno? Ba zan iya ɗaukarsu ni kaɗai ba, in haka za ka yi da ni gara ka kashe ni. Allah bai tsawata masa ba. Ya ce ya tara dattawa 70, su ɗauki nauyin jama'ar tare da shi.

Iliya ma haka, a 1 Sarakuna 19. Bai daɗe da karawa da annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel ba, wuta ta sauko daga sama a gaban idon kowa. Saƙon barazana ɗaya daga sarauniya Yezebel ya sa ya gudu, ya bar baransa a Biyer-sheba, ya nausa jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin itace ya ce, ya isa haka, ɗauki raina. Sai barci ya kwashe shi. Mala'ika ya taɓa shi ya ce tashi ka ci, ga gurasa ga butar ruwa. Ya ci ya sha ya sake kwantawa, aka bar shi ya yi barcinsa. Aka sake tashinsa ya ci, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Tambayoyi da magana sai a Horeb, bayan kwana 40. A can ne Iliya ya yi ta cewa ni kaɗai na rage, Allah ya ce masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma aike shi ya shafe Elisha da mai don ya zama magajinsa. Ina son wannan sura ƙwarai saboda jerin abin da Allah ya yi wa bawansa: abinci da barci tukuna, magana daga baya, a ƙarshe abokin aiki. Saboda haka batun azumi, ni dai ina ce miki ki dakata da shi yanzu. Mai tashi ƙarfe huɗu ta ɗaga babbar mace, ta yini tsaye gaban allo, abinci ne ya kamace ta.

Bari in koma kan ƙannenki, don a nan babban gyaran yake. Mun taso muna jin cewa babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa ya zuba. An yi karin maganar ne don a koya wa babba haƙuri, amma ƙanne da yawa sun mayar da ita takardar izini. Littafi bai ba su wannan izini ba. A 1 Timoti 5:4, inda ake maganar gwauruwa, 'ya'ya da jikoki aka ce su sāka wa iyayensu, da jam'i, ba a ware 'yar fari ba. Aya ta 8 kuma, mai cewa wanda bai kula da danginsa ba ya musunci bangaskiya, ta hau kan na Abuja da na Jos daidai yadda ta hau kanki. A Markus 7 Yesu ya yi wa Farisiyawa faɗa don sun ba mutum damar ce wa iyayensa abin da zan taimake ku da shi na ba Allah. (Na sha ganin wanda ke ɗaga hannu da babban alkawari ranar tara kuɗin ginin coci, uwarsa kuwa tana gida maganinta ya ƙare. Ban ce ƙannenki haka suke ba.)

Galatiyawa 6 tana da ayoyi biyu da suke kamar suna karo da juna. Aya ta 2 ta ce ku ɗauki nauyin juna, aya ta 5 ta ce kowa zai ɗauki kayansa. A Helenanci kalmomi biyu ne daban. Ta farko nauyi ne mai danne mutum, ta biyu kuwa ƙunshin da kowane matafiyi ke ɗauka nasa. Jinyar Mama nauyi ne na farkon, irin jinkar da hannu ɗaya ba ya ɗauka, amma a cikinsa kowane ɗa yana da ƙunshinsa. Ke kin tattara ƙunshin mutum biyar kin ɗora a gammo ɗaya.

Ki kira taro, ido da ido in zai yiwu, kada ki yi shi ta rubutu a WhatsApp inda kowa zai karanta ya yi shiru. Ki gayyato kawunku ko wani dattijon ikilisiya da dukanku kuke jin nauyinsa. Kafin ranar ki rubuta abin da jinyar ke ci a wata, magani, famfas na manya, sabulu, abinci, kuɗin mota zuwa wurin masu gashin ƙashi, ki rubuta kuma sau nawa kike tashi da dare. Ma'aikatan jinya suna cewa a riƙa juya marar lafiyar da ba ya iya motsi kusan duk awa biyu don kada gyambo ya fito masa, wannan kaɗai ya isa ya nuna wa kowa cewa dare bakwai a mako ba aikin mace ɗaya ba ne. Kada ki ce musu "ku riƙa taimakawa", wannan maganar ba ta da ƙafa. Ki ce wane zai turo kaza ranar kaza ga kowane wata. Ƙanwarki ta karɓi dare biyu a mako. Mazan kowa ya zo ƙarshen mako ɗaya a wata, tsakanin Abuja da Kaduna har jirgin ƙasa akwai, in kuma kunya ta hana su yi wa uwarsu wanka, su biya wadda za ta yi. Kuɗin makarantar auta a raba, shi ma in an yi hutu wurin Mama ne wurin zamansa. Za a ji haushi. Za a ce Yaya ta canza, wataƙila a ce miji ne ke zuga ki. Ki bar su su faɗa, fushin wata biyu ya fi sauƙi a kan a wayi gari marasa lafiya biyu ne a gado.

Ga wata magana da ba za ta yi miki daɗi ba. Anya kin taɓa roƙonsu kai tsaye? Irinmu 'yan fari muna da wata cuta: muna kukan ba mai taimako, in an zo taimakon kuma mu ce bar shi, ba haka ake yi ba. Akwai daɗi a ji ana cewa ai ba don ke ba da gidan nan ya watse. Ki binciki zuciyarki a kan wannan ba tare da kin doke ta ba. Yesu ɗan fari ne, kuma yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, kamar yadda Yahaya 19 ta faɗa. A hanyar zuwa wurin ma, Saminu Bakurane, mutumin wani gari da ke ƙasar Libiya ta yau, shi aka sa ya ɗauki gicciyen. In Ubangiji bai ƙi a ɗaukar masa ba, ke ma ba ki da dalilin ƙi.

Maigidanki yana gida. Surukuta ba za ta bar shi ya yi wa Mama wanka ba, ba kuma zan ce ya yi ba. Amma cefane, ɗebo ruwa, shirya yara da safe, duba aikin makarantarsu, kama miki Mama ku ɗaga ta tare, duk ba su taɓa surukuta ba. Namijin da aikinsa ya tsaya yana fama da nasa ciwon, don haka kada maganar ta fito kamar gori. Ki zaɓi lokacin da ba ku yi faɗa ba, ki ce masa kina jin tsoron lafiyarki, ki ambaci abu biyu takamaimai da kike so ya karɓa. Manyan yaranki ma su san tukunya da wanki, mazansu da matansu.

Na coci ya fi sauƙi, ko da yake shi za ki fi jin nauyin yi. Muƙamai uku sun yi yawa. Ki riƙe ɗaya, wanda in kin dawo daga gare shi kike jin ranki ya yi sanyi, ina zaton waƙa ce, ki ajiye biyu. Ki je wurin shugabar Zumunta ki ce, Mama, ina jinya, zan miƙa littafin kuɗi a ƙarshen wata, a nemi wata. Ba sai kin yi dogon bayani ba. A Ayyukan Manzanni 6, da rabon abincin gwauraye ya jawo gunaguni, manzannin ba su ƙara wa kansu awoyi ba, suka ce a zaɓi mutum bakwai, a cikinsu har da Istifanus da Filibus. Da manzannin sun riƙe komai, da ikilisiya ba ta san tana da waɗannan ba. Akwai wata a Zumuntarku da ta iya lissafi, ba a gan ta ba ne saboda kina kan kujerar.

Tunda kuma muna maganar Zumunta, ki roƙe su irin taimakon da kike buƙata. Mun iya ziyarar marar lafiya: mu zo mu ashirin cikin anko, mu yi waƙa, mu yi addu'a, mu ajiye sabulu, mu tafi mu bar mai jinya da wankin kofuna. Abu ne mai kyau, amma mata biyu da za su zauna da Mama awa uku ranar Asabar ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa sun fi miki amfani. Ki faɗa musu haka. Yawancinsu za su yi murna an gaya musu abin yi.

Kada wani ya tsorata ki da macen kirki ta Karin Magana 31, mai tashi tun da sauran dare. Aya ta 15 ɗin da ta ce tana tashi da duhu, ita ce ta ce tana da barori mata da take raba wa aiki. Zabura 127:2 kuma ta kira sammako da kwanan zaune aikin banza, ta ce Allah yana ba ƙaunataccensa barci. A Markus 6:31, da mutane suka yi ta kai da kawowa har almajirai suka rasa sukunin cin abinci, Yesu ne da kansa ya ce su zo su keɓe su ɗan huta, alhali masu buƙata ba su ƙare ba.

Addu'a kuwa, ban ce ki bari ba, amma ki daina auna ta da tsawo. In abin da ya rage miki shi ne "Ubangiji, na gaji" a bakin murhu, addu'a ce cikakkiya, ta ma fi ta Musa ladabi. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ta juya zuwa yabo ba, kuma an bar ta a cikin Littafi. Sa'ad da Yesu ya kira masu wahala da masu fama da kaya a Matiyu 11, hutu ya yi musu alkawari, ya ce karkiyarsa mai sauƙi ce, kayansa marar nauyi. Kalmar kayan nan ita ce ta ƙunshin mutum ɗaya da ke Galatiyawa 6:5. Duk manomin da ya taɓa ɗaura wa shanu garma ya san karkiya ta wuya biyu ce.

Saura tsawar da kika yi wa Mama. Ba daidai ba ce, ke ma kin sani, shi ya sa kika yi kuka. Ki zauna kusa da ita ki ce, Mama, ki yafe min, gajiya ce. Ko bakinta bai fita sosai, tana ji. Ki nemi gafarar Allah sau ɗaya, kada ki mayar da abin bulalar da za ki riƙa dukan kanki kullum. Ki shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin zanin gadonta, ki ajiye zannuwa biyu a kusa, don daren da abin ya sake faruwa aikin ya zama na minti goma.

Abu ɗaya zai iya rushe duk wannan shiri, shi ne Mama da kanta. Ta saba da hannunki, mai yiwuwa ta ce ba mai taɓa ta sai ke, ta ƙi cin abinci, ta yi kuka. Tsoro ne da kunyar tsiraici, ba mugunta ba. Ki bi da ita a hankali. Ranar farko ƙanwarki ta yi wankan kina tsaye a ɗakin kina nuna mata yadda ake tallafar ɓarin da ya shanye. Rana ta biyu ki tsaya a bakin ƙofa inda Mama za ta ji muryarki. Daren farko da ƙanwarki za ta kwana da ita kuwa, ki bar gidan gaba ɗaya, ki je wurin wata aminiya ki kwana, ki ba maigidanki wayarki ya riƙe. In kina cikin gidan, ƙarfe biyu na dare za a ƙwanƙwasa miki ƙofa a tambaye ki inda zani yake, ke kuma za ki tashi.